Alkama, burodi da cutar siliyak: tarihin abincin da likita ke rubutawa a takardar magani



A ƙasar Ingila akwai wata takardar likita da za ta ba mutumin Maiduguri mamaki. Maras lafiya zai je ƙaramin asibitin unguwarsu, likita ya duba shi, ya rubuta masa burodi da garin yin burodi. Ya kai takardar kantin magani, a haɗo masa kamar yadda ake haɗo ƙwaya ko ruwan allura. Tun ƙarshen shekarun 1960 hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, take yin haka ga masu cutar da ake kira siliyak, cutar da alkama ke tayarwa. Mun ga ya dace mu bi tarihin wannan al'amari a shafinmu, domin duk da cewa labarin ya fi ƙarfi a Turai, ƙarshensa yana zuwa har teburin mai shayin bakin layinmu.

A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai akwai sinadarin da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya ja kamar roba, ya kuma riƙe iska har burodi ya tashi. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Amma akwai waɗanda idan ya shiga cikinsu, garkuwar jikinsu sai ta ɗauke shi abokin gaba, ta faɗa wa bangon ƙaramin hanji da yaƙi. Bangon nan yana da 'yan ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. Idan suka lalace, mutum zai ci ya ƙoshi amma jiki bai samu komai ba. Daga nan sai zawo mai wari da maiƙo, kumburin ciki, ƙarancin jini, kasala, rama. Yaro kuwa sai ya tsaya cak, sa'anninsa su wuce shi. Wasu ma ba sa zawo ko kaɗan, jininsu ne kawai ba ya cika duk maganin da aka ba su. Cutar tana bin jini, kusan ɗaya cikin goma na iyaye ko 'ya'ya ko 'yan uwan ciki ɗaya na mai ita su ma suna da ita. A duniya gaba ɗaya ana ƙiyasin mutum ɗaya cikin ɗari.

Cutar tsohuwa ce. Wani likitan Girka mai suna Aretaeus, mutumin Kapadokiya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya siffanta ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, daga kalmarsu ta ciki ma sunan ya fito. Sai a 1888 wani likitan Landan, Samuel Gee, ya yi cikakken bayani a kanta, ya kuma ce idan har akwai waraka to ta hanyar abinci za ta zo. Ya faɗi gaskiya, sai dai bai gano ɓarawon ba, domin cikin abin da ya yarje wa yaran su ci har da gasasshen burodi. A 1924 wani likitan yara a birnin New York, Sidney Haas, ya fito da tsarin ciyar da yaran ayaba, ya hana su burodi da dankali da sauran kayan gari. Yara da yawa suka rayu, aka yi ta yabon ayaba shekara da shekaru, alhali abin da aka cire ne ya yi aikin. Abin da ya ja hankalinmu a labarin Haas shi ne hujjar da ya kafa da tsibirin Puerto Rico, inda mutanen birni masu cin burodi ke fama da ciwon, manoman ƙauye masu cin ayaba kuwa suna lafiya. Ku riƙe wannan bambanci na birni da ƙauye, za mu sake cin karo da shi a gida.

Wanda ya kama zaren shi ne Willem Dicke, likitan yara a birnin Hague na ƙasar Holan. Tun shekarun 1930 yake zargin alkama. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, a hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar, yunwa ta kashe mutum wajen 20,000. Burodi ya ɓace, mutane suka koma cin saiwar furanni da gwozar sukari. A cikin wannan bala'i yaran da ke kwance da siliyak suka fara samun sauƙi, da burodin agaji ya iso kuma ciwonsu ya dawo. Bayan yaƙi Dicke ya koma asibitin yara na Utrecht, shi da abokan aikinsa suka riƙa auna maiƙon da ke fita a bayan gidan yaran idan an ba su alkama da idan an hana su. A 1950 ya gabatar da sakamakon. A 1952 masu bincike a Birmingham, cikinsu har da Charlotte Anderson, suka tabbatar da cewa gulutin ne mai laifin. A 1956 Margot Shiner ta samar da hanyar ɗebo ɗan yankin hanji a duba, a 1997 kuma masana a Jamus suka gano abin da garkuwar jiki ke kai wa hari, daga nan aka samu gwajin jinin da ake amfani da shi yau.

Har gobe babu ƙwaya babu allura. Maganin ɗaya ne, a bar alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa. To a ƙasar da karin kumallo burodi ne, abincin rana burodi, na dare taliya ko wani abin fulawa, wannan hukunci ne mai nauyi. A shekarun 1960 ba a samun burodi maras gulutin a kantunan Ingila, shi ya sa gwamnati ta ɗauke shi a matsayin magani. Likitan unguwa ne ke rubutawa, ana ƙayyade wa mutum adadin wata gwargwadon shekarunsa da ko namiji ne ko mace. A hankali jerin ya faɗaɗa har ya haɗa da taliya da biskit. Da kayan suka cika manyan kantuna, kuɗin da NHS ke kashewa kuma ya haura fam miliyan 20 a shekara, sai gardama ta tashi. Masu riƙe da asusu suka ce kowa ya saya da kuɗinsa. Ƙungiyar masu cutar ta ce burodin ya ninka na kowa tsada sau da yawa, talaka da mazaunin ƙauye ne za su sha wuya. A watan Disamba 2018 aka taƙaita abin a Ingila zuwa burodi da garin haɗi kawai, wasu yankunan ma suka daina gaba ɗaya. Italiya, ƙasar taliya, ta bi wata hanya dabam, tana ba wanda aka tabbatar yana da cutar wani adadin kuɗi kowane wata ya je ya sayi abincinsa.

Mai karatu zai ce wannan ai ciwon Turawa ne. Likitoci ma haka suka ɗauka har ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A 1999 wani likitan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi wa yara 989 na al'ummar Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a ƙasar Aljeriya tun tsakiyar shekarun 1970. Suka sami cutar a jikin kashi 5.6 cikin 100, wato ninki biyar na abin da aka sani a Turai. Waɗannan makiyaya ne da suka saba da nonon raƙumi da nama da ɗan hatsi kaɗan. Da suka zama 'yan gudun hijira, fulawar agaji ta zama abincinsu safe da yamma. Halin cutar yana jininsu tun fil azal, alkamar ce ba ta iso da yawa ba sai a lokacin. An kuma daɗe da samun ta a Sudan da Libiya da sauran ƙasashen arewacin Afirka. A ɗaya gefen, wani gwaji da aka yi wa mutum ɗari shida a Burkina Faso bai gano ko ɗaya ba. Mu a Borno muna tsakanin waɗannan duniyoyi biyu. Hanyar Fezzan da hanyar Sudan sun shekara ɗaruruwa suna kawo mana mutane da auratayya, sannan abincinmu ya sauya cikin ƙarni ɗaya fiye da yadda ya sauya cikin ƙarni biyar kafin nan.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, kuma tun zamanin fataucin Sahara ake noma ta da rani a gefen Komadugu Yobe da bakin tafkin Chadi da fadamun Kano, ana ban ruwa da jigo. Tana son sanyi, don haka sai a shuka a Nuwamba ko Disamba, hunturu ya raine ta, a girbe wajen Maris. Amma kaɗan ce. Matafiyan Turai na ƙarni na 19, irin su Heinrich Barth da ya isa Kukawa a 1851, sun tarar da gero da dawa ne abincin jama'a, alkama kuwa ta gidajen sarauta ce da Larabawa 'yan kasuwa. Ko a tunaninmu na yara, alkaki da funkaso da dubulan da dashishi abincin biki ne da salla da gara. Wanda ya ci alkama sau biyar a shekara, ko yana da halin cutar a jini, ciwon cikin kwana biyu zai yi ya wuce. Sauran kwanakin yana kan biski da tuwon dawa da ndaleyi da fura da kunu, ga masakwa da ake dasawa a ƙasar firki bayan ruwa ya janye. Babu gulutin a ko ɗaya daga cikinsu.

Burodi ta teku ya shigo. A Legas wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford ya yi suna da gidan burodi a shekarun 1920. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar Amurka a 1962. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, buhun fulawa ya samu hanyar zuwa da araha. Sai kuɗin man fetur na shekarun 1970, birane suka cika, aka kafa kamfanin fulawa a Bompai ta Kano, daga baya Maiduguri ma ta samu nata. Burodi yana da abin da tuwo ba shi da shi: ba ya son itace, ba ya son miya, ba ya lalacewa a yini ɗaya, lebura da ɗan makaranta da direba duk za su iya sa shi a aljihu. Kafin tsakiyar shekarun 1980 Najeriya tana shigo da alkama fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin da suka yi aiki a Zariya, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, ma'ana tarkon alkama. Hujjarsu ita ce ƙasa ta koya wa bakinta abincin da gonarta ba za ta iya ciyar da ita da shi ba.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin fita daga tarkon, kuma Borno ce aka ɗora wa babban kaso na nauyin. An kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi a 1973, sai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a nan Maiduguri a 1975, wadda har yau ita ce ke da alhakin binciken irin alkama da gero da sha'ir na ƙasa baki ɗaya. Aikin ban ruwa na kudancin tafkin, mai cibiya a Sabon Marte, an tsara shi ya ci kadada wajen 67,000, alkama da rani, shinkafa da damina. An haƙa magudanai, an kafa injinan tura ruwa, aka buɗe kashin farko a 1979. Sai tafkin ya ja da baya. Ruwan da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ƙanƙance bayan farin 1973 da na 1984, bakin magudanar ya zauna a busasshiyar ƙasa. Dattawanmu da suka yi aiki a can suna da labarin. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, shekara guda bayan haka ta hana tsiron sha'ir da ake yin lemun malt da shi. Kamfanonin lemu suka koma dawa, kuma dawar ta yi musu aiki. Masu burodi kuwa suka dogara da fulawar sumoga ta kan iyakoki, farashi ya yi sama, a 1992 aka janye haramcin. Obasanjo ya zo da batun zuba garin rogo kashi 10 cikin 100, gwamnatin Jonathan ta sake tayar da shi a 2012, duk bai zauna ba. A nan sai mu ja kunne, burodin rogo da ake magana yawancinsa fulawa ce, bai halatta ga mai siliyak ba.

Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa, kuma ba a burodi kaɗai ta tsaya ba. Indomie da ta bazu tun shekarun 1990 alkama ce. Taliya da makaroni da kuskus ɗin leda alkama ne. Semovita, da mutane da yawa ke zaton masara ce, alkama ce. Fanke, cincin, biskit, gurasa, alkubus, duk gida ɗaya. Ɗanwake ma da asalinsa garin wake da rogo da dawa ne, yanzu a gidaje da yawa da fulawa ake yin sa. Ga tuwon alkama da ake yawan shawartar masu ciwon sukari su koma masa, alhali nau'in ciwon sukarin da ke kama yara yana yawan tafiya tare da siliyak. Rikicin da ya taso tun 2009 ya ƙara ingiza lamarin. Dubban ɗaruruwan mutane daga Marte da Bama da Gwoza da Kukawa da Dikwa, waɗanda rumbunsu gero da masakwa ne, suka tsinci kansu a Maiduguri babu gona babu rumbu, itace da gawayi kuma sai da kuɗi. Abin da ya fi saurin shiga cikin yaro a irin wannan hali shi ne shayi da burodi ko taliyar leda. Abin da Haas ya gani a Puerto Rico da abin da Catassi ya gani a Tinduf bai yi nisa da wannan hoto ba.

Abin da ke damunmu shi ne alamomin cutar sun yi kama da na cututtukan da muka fi sabawa da su. Yaro mai babban ciki da siraran ƙafafu da zawo, kowa tamowa zai ce, kuma mafi yawan lokuta tamowar ce ko tsutsar ciki ko ruwa maras tsabta. Babba kuma a ce ulsa ko taifot ko basir, a yi ta zagaye tsakanin kemis da mai sassaƙe. Ba muna cewa duk mai ciwon ciki ya zargi burodi ba. Amma akwai yaron da abinci bai yanke masa ba, an ba shi maganin tsutsa, an kwantar da shi an ciyar da shi madarar asibiti da abincin gyaɗar nan na leda ya murmure, da ya koma gida kan shayi da burodi sai ya sake zubewa. Akwai matar da ta shekara tana shan maganin ƙarin jini ba ta ga canji ba. Irin waɗannan ya kamata iyali su buɗe baki su tambayi likita ko za a duba siliyak. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da aka buɗe a 1983, can ne ƙwararrun likitocin yara da na ciki suke, can ya kamata a nemi a tura mutum. Sharaɗi ɗaya da likitoci ke nanatawa, kada a daina cin alkama kafin a yi gwajin, domin idan an daina jinin zai nuna lafiya lau, a koma gida da amsar da ba ita ba.

Idan kuwa an tabbatar, to a nan mun fi Bature sa'a nesa ba kusa ba. Abin da NHS ke kashe miliyoyi a kansa ƙoƙari ne na ƙera burodin da ba alkama daga garin shinkafa da masara da dankali. Mu kuwa takardar da likitanmu zai rubuta tana Kasuwar Monday da kasuwar Gamboru a cikin kwano: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, rogo, doya, dankali. Sinasir da masa da ƙosai da alale da fura da kunun gyaɗa duk halas ne muddin ba a sa musu fulawa ba. Ba ma ganin hikimar magidanci ya kwashi kuɗin makarantar yara ya sayi ɗan ƙunshin biskit ɗin waje mai tambarin babu gulutin, ko kuma mai lafiya ya bar alkama don ya ga ana yayin haka a intanet. Accar da Turawa ke saye da tsada yanzu a kantunansu, daga Filato da ƙasashen Mali da Gini take tafiya.

Wahalar tamu a wani wuri take. Ƙa'idar duniya ta ce abinci ba ya amsa sunan maras gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba, wato ɗan ɓurɓushi ma ya isa ya tayar da ciwon. Injin niƙan unguwa da ya gama niƙa alkamar wata ya karɓi geron wata, ya riga ya gauraya su. Man da aka soya fanke aka tsoma ƙosai a ciki haka. Mai masa da ke barbaɗa fulawa don ƙullu ya kama, mai tsire da ke ƙara wa ƙuli garin da ba a sani ba, wasu dunƙulen miya da lemun malt da ke ɗauke da alkama ko sha'ir, duk sai an tambaya ko an karanta jikin leda. Gidan da ke da mai cutar zai buƙaci rariyarsa da muciyarsa daban, ya kai niƙa da sassafe kafin a zuba wa injin wani abu, ko a fara wanke shi da ɗan hatsin da za a ware, ko a koma turmi. Sai kuma abin da ya fi duka wuya a al'adarmu, wato yaro ya je gidan kaka ko gidan suna a miƙa masa alkaki ya ce a'a. Wannan sai manya sun shiga gaba sun yi wa dangi bayani tun kafin ranar, don kada a ce yaron raini gare shi ko uwarsa ce ta hana shi cin abincin mutane.

Sakataren ƙungiya